Ƙwaƙwalwar Motar Likita

Ƙarfe uku da 'yan mintuna direban Likita ya murɗa makulli, mota ta ƙi tashi. Ya sake murɗawa. Fitilun dashbod suka kunnu, injin ya yi ta gurnani amma bai kama ba. Sau bakwai ya gwada kafin ya fito ya riƙe ƙugu yana kallonta.

Da safe lafiya lau ya shigo da ita filin wankin motoci. Abu ɗaya aka kawo ta yi, wankin ciki da tururi.

Aka kira mai wayarin, wanda rumfarsa ke bakin ƙofar filin. Ya duba batir, ya duba fis, sannan ya ɗaga kafet ɗin wajen ƙafar fasinja. A nan ƙwaƙwalwar motar take, wato akwatin ƙarfen nan mai girman littafi da ke ba injin umarni. Kafet ya jiƙe sharkaf. Ya kwance akwatin, ya karkata shi, ruwa ya ɗigo a takalminsa.

"Shi ke nan," in ji shi. "An dafa mata ƙwaƙwalwa."

Duk ido ya koma kan Mai Tururi. Shi kaɗai ne a filin ke da injin tururi, ɗan ƙaramin abu mai taya biyu da dogon tiyo, wanda yake ja kamar akwatin tafiya. Da shi yake fitar da dattin kujeru da kafet da ramukan iska. Shekara uku yana aikin, kuma bayan injin nan ba shi da abin da zai nuna ya ce nasa ne.

Kafin ƙarfe huɗu Likita ta iso a tasi, ta buga waya, wanda ta buga wa shi ma ya buga waya. Haka aka ta da Sufeto daga kan abincin da bai kai loma uku ba. Shekara ashirin da tara yana aiki, saura wata huɗu ya ajiye kaki, kuma gwiwarsa ta hagu ta riga shi yin ritaya. Maigidansa ya ce masa a waya, "Matar nan ta san mutane. Kafin shida ka kashe maganar."

Ya tarar da mutum shida suna magana lokaci guda.

"Ɗai-ɗai!" in ji Sufeto. Babu wanda ya ji shi. Ya buga tafin hannu a kan bonet, Likita ta ce ya yi hankali da fenti.

Mai fili ne ya matso. Mutum ne mai tsafta, farar riga mai dogon hannu, maɓallan a ɗaure har wuyan hannu, ga ƙamshi. Shi ke ba masu sana'a rumfuna a filin, yana kuma taɓa dillancin motoci.

"Yallaɓai, ba sai mun wahalar da kai ba. Mun riga mun daidaita. Ganganci ne, kowa ya gani. A ba Likita injin tururin ta sayar ta rage asara, shi kuma yau ɗin nan ya kwashe tsummokaransa ya bar mini fili. Ba na son abin da zai ɓata mini suna."

"Injin nawa?" in ji Mai Tururi. "In an ɗauke shi, da me zan ci da yara? Da bakina zan hura tururin?"

"Da ka yi wannan tunanin kafin ka kwarara mini ruwa a mota," in ji Likita.

Sufeto ya nemi benci ya zauna, ya miƙe ƙafar da ke ciwo. Ya lura duk wanda ya ce masa ba sai an wahalar da shi ba, a ƙarshe shi ke fi wahalar da shi. Ya yafito Mai Tururi.

"Faɗa mini yadda ka yi aikin. Kada ka rantse, kada ka ambaci yara."

"Tara na fara. Na fitar da shimfiɗun ƙafa, na zuƙe ƙura. Sannan tururi. Kujerun gaba, na baya, ƙofofi, kafet a ƙarshe. Ina fesawa ina bi da tsumma. Sha biyu na gama."

"Ka fesa wajen ƙafar fasinja?"

"Na fesa. Amma yallaɓai, tururi ba ruwa ba ne. Kofi huɗu ke wanke mota guda. Minti goma sha biyar in an bar ƙofa a buɗe, ka sa hannu ba za ka ji danshi ba. Taɓa ɓangaren direba ka ji."

Sufeto ya tashi da ƙyar, ya taɓa. A bushe ƙarau. Ya taɓa baya, a bushe. Ya danna ɓangaren fasinja, ruwa ya taso tsakanin yatsunsa.

"Daga sha biyu fa?"

"Na bar ƙofofin a buɗe a rumfata can baya, na rataye makulli a allon ofis kamar kullum, na tafi ɗauko 'yata daga makaranta. Biyu da rabi na dawo."

"Wa ke iya ɗaukar makulli daga allon?"

"Kowa," in ji Mai fili. "Ofishina ba ya rufuwa da rana."

Sufeto ya ce a ba shi akwatin. Ya juya shi. A samansa akwai wata takardar manne mai ƙyalli, an buga lambar motar a jiki. Likita ta ce kamfanin da ya sayar mata da motar ne ya manna, saboda ɓarayi. In aka ɓamɓare ta, yagewa take yi gutsi-gutsi.

"To wannan dai nawa ne," in ji ta. "Ga lambata. Me kuma ake jira?"

"Kai mai wayarin, ka buɗe cikinsa?" in ji Sufeto.

"Ba sai na buɗe ba, yallaɓai. Ruwa na gani da idona."

"Ni ma na ga ruwa a tulu da safe, ban kama kowa ba. Buɗe."

Mai wayarin ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, ya ɗauko sukundireba. Biyu daga cikin ƙusoshin sun ƙi juyawa sai da ya ɗiga musu mai. Murfin ya ɗagu. Cikin akwatin ya yi kore shar da tsatsa, a kusurwa ga busasshen taɓo ya daskare har ya tsattsage.

"Wannan ɓarnar ta awa uku ce?"

"A'a." Ya sosa ƙeya. "Wannan ya fi shekara. Ambaliya ce ta ci shi."

"Motar da ke da wannan a ciki za ta iya zuwa nan da safe?"

"Ko turawa aka yi sai an yi gumi."

"To ka ji. Da ka buɗe tun ƙarfe uku, da yanzu na gama cin abincina."

Sufeto ya kai akwatin wajen haske. Takardar ta ɗan karkace, gefe ɗaya ya yi 'yar tattara. Ya sa farce, ta ɗagu ba gardama, gam ɗin ya yi laushi.

"Likita, ba a lalata miki komai ba. Sata aka yi miki. An cire naki mai lafiya, an ɗauke takardarsa an manna wa mushe, an zuba ruwa don a ce tururi ne."

Likita ta kalli Mai Tururi sama da ƙasa. "Ashe ma ɓarawo ne."

"Ban ce ba."

"Ya aka yi takardar ba ta yage ba?" in ji direba.

Nan Mai Tururi ya yi abin da ya sa Sufeto ya ji kamar ya kwaɗa masa mari. Ya ce, "Ai da tururi ana yi. In ka kanga mata bakin tiyo daga nesa kaɗan, gam ɗin zai saki, ta fito cif. Haka nake cire sitika a gilashi kullum."

"Kun ji ko!" in ji Mai fili. "Da bakinsa."

Wayar Sufeto ta yi ƙara. Maigidansa ne. Ya saurara, ya ce "Ranka ya daɗe" sau huɗu, ya kashe. Biyar saura kwata. Ya dubi Mai Tururi ya ce, "Kai dai in ana neman mai tura ka rami, ba sai an yi hayar kowa ba."

Ya fara da mai wayarin, tunda shi ya fi kowa sanin darajar akwatin da inda yake kwana.

"Ina kake daga sha biyu zuwa biyu da rabi?"

"Ina rumfata. Na ɗan kishingiɗa."

"Wa ya gan ka?"

"Mai barci ya san wanda ya gan shi?"

Sufeto ya bi shi rumfar. Wayoyi kala-kala a rataye, tsofaffin batura a jere, jarkar ruwan batir a gefe. A kan tebur akwai wani abu mai kama da na'urar busar da gashi.

"Wannan fa?"

"Iska mai zafi yake hurawa. Da shi nake narka roba a kan waya."

"Zai iya ɗaga takardar can?"

Mai wayarin ya ce, "Minti ɗaya ma ya yi yawa. Amma wallahi..."

"Na ce ban son rantsuwa."

Sai direba. Dattijo ne, ya haura sittin, Likita ma Baba take ce masa.

"Baba, bayan ka ajiye mota ina ka nufa?"

"Asibiti, ɗana. Likita ta sa an ɗaura mini abin awon jini, aka ce ya hau, aka kwantar da ni har biyu ta wuce. An hana ni gishiri, an hana ni mai, yanzu kuma za a ce na saci ƙwaƙwalwa. Tawa ma da ƙyar nake riƙe ta."

"Gaskiya ne," in ji Likita. "A ɗakin da ke kusa da ofishina ya kwanta. Baba ya yi shekara goma sha ɗaya da mu. Sufeto, lokaci fa yana tafiya, ina da marasa lafiya."

"Ni ma ina da su, ranki ya daɗe. Ga su tsaye."

Ya ce a kai shi rumfar baya. Rumfar tana bayan ofis, katanga ta kāre ta, daga bakin ƙofa ba a hango ta. Injin yana jingine a kusurwa, tiyonsa a naɗe. Kusa da shi jarka fara, da tsummokara a ninke.

"Kunna shi in gani. Ka ɗaga mini takardar nan a gabana."

Mai Tururi ya kama hannun injin ya ja, sai ya tsaya. Ya ɗan girgiza shi. Ruwa ya yi ƙara a ciki.

"Da ruwa a ciki."

"To ba da ruwa yake aiki ba?"

"Ni ba na barin ruwa. In na gama, sai na jira ya huce, in juye tankin tas. Haka na bar shi."

Ya sa soket. Aka jira minti biyar. Da fitilar ta koma kore ya danna kunamar tiyon. Maimakon farin tururi siriri, sai injin ya yi tari, ya tofo kumfa, guda-guda, ta zubo a kan siminti tana ƙamshin garin sabulu.

Mai Tururi ya saki tiyon ya dafe kai da hannu biyu.

"Sabulu! Wane mugu ne ya zuba mini sabulu? Ruwan famfo ma ba na sa masa, yana toshe shi da farin gishiri. Ruwan batir kaɗai yake sha. Ga jarkar nan a gabansa, ga ta!" Ya ɗago ta. "Ko taɓa ta ba a yi ba, daidai inda na bar ta."

Sufeto ya koma motar Likita, ya matse kafet ɗin, ya shinshina yatsunsa, ya murza. Santsi. Sabulu ne.

"Wa ke aiki da garin sabulu a filin nan?"

Ba sai an amsa ba. Mai Tiyo, mai wankin bayan mota, yana tsaye da gajeren wando da takalmin roba. Wan matar Mai Tururi ne, shi ya samar masa rumfa a filin tun farko.

"Au, ta zagayo kaina?" in ji shi. "Yallaɓai, ni da injin nan ko gaisawa ba ma yi. Tun ranar da ya huce mini a ƙafa na ce na yafe."

"Ina bokitinka?"

"Shi nake nema tun da na dawo daga cin abinci. Na ɗauka wannan angon ƙanwar tawa ne ya ara, don shi aro ba ya masa wuya, mayarwa ce aiki."

"Yaya, yau ba ranar wasa ba ce," in ji Mai Tururi.

"Wa ke wasa? In suka tafi da kai, ni za a kawo wa yara huɗu."

An sami bokitin a bayan rumfar, a kife.

"Ka san ba a sa wa injin sabulu?" in ji Sufeto.

"Na sani? Har a mafarki. Sau ɗaya na ce masa ya ɗan barbaɗa kaɗan don ƙamshi, wata guda bai gaishe ni ba. Ranar sunan ɗansa ma sai da ya yi wa baƙi lacca a kan ruwan batir."

Mai fili ya duba agogo. "Yallaɓai, su biyun surukai ne. Bakinsu ɗaya. Ɗaya ya ba da inji, ɗaya ya ba da bokiti. Ka tafi da su duka, a huta."

Sufeto ya juya masa baya. Ya tsuguna a gaban injin, gwiwarsa ta yi ƙara. Murfin tankin baƙar roba ce mai kauri. A gefensa akwai sabbin tabo biyu, kamar cizon haƙori.

"Wannan tabon naka ne?"

Mai Tururi ya leƙa. "A'a. Filaya aka sa." Ya zaro ido. "An buɗe shi da zafi. Murfin nan in da tururi a ciki ba ya buɗuwa, sai dai ya yi ta juyawa a banza, don kada ya ƙona mutum. Sai an jira minti ashirin. Wanda ya matse shi da filaya ya buɗe da ƙarfi..."

"Me zai same shi?"

"Yallaɓai, fatar hannunsa sai ta saɓule."

"Kamar lagireto," in ji direba. Ya naɗe hannun riga ya nuna wani tsohon tabo. "Ina ɗan shekara sha tara na samu wannan. Duk wanda ya taɓa riƙe sifana ba ya buɗe murfi da zafi sau biyu. Yawanci ma ko sau ɗaya."

Sufeto ya dubi hannayen da ke kewaye da shi. Mai Tiyo singileti ne a jikinsa. Mai wayarin ya naɗe riga har gwiwar hannu, baƙin mai ne kawai. Mai Tururi lafiya lau. Sufeto ya miƙe, ya fara zagaya filin a hankali yana ɗingishi. Can ƙarshen katanga akwai mota lulluɓe da tamfol, tayoyinta sun sace.

"Ta wa ce?"

"Tawa ce," in ji Mai fili. "Tsohuwar kaya ce, ba ta da alaƙa da maganar nan."

Sufeto ya yaye tamfol. Irin motar Likita ce sak, launi ne kawai ya bambanta. A jikin kujerun akwai layin taɓo, inda ruwa ya tsaya a lokacin da ya shanye ta. Ya buɗe ƙofar fasinja ya ɗaga kafet. Gurbin akwatin fayau. Ƙura ta rufe ko'ina, ban da kan ƙusoshi huɗu da ke ƙyalli.

"An sace nata tun bara," in ji Mai fili da sauri. "Na ma manta ban kai rahoto ba."

"Mai wayarin, ƙusar da aka kwance bara tana ƙyalli haka?"

"Ko ta makon jiya ba ta yi."

"To ga shi nan! Daga motata suka ciro mushen. Ni ma an cuce ni ke nan."

"Zai yiwu," in ji Sufeto. "Mu je ofis in rubuta ƙorafinka."

Ofishin ɗan ƙarami ne. Tebur, kujera mai juyawa, allon makullai, fanka, da firij a kusurwa. Sufeto ya zauna, ya zaro biro, biro ya ƙi rubutu. Ya yarfa shi, ya ƙi. Ya roƙi aro. Mai fili ya miƙo nasa da hannun hagu.

Sufeto ya ja numfashi ta hanci. A ƙarƙashin turaren akwai wani ƙamshi mai sanyi. Ya leƙa kwandon shara. Bututun man goge baki ne, sabo, an matse shi har ƙarshe, ga kwalinsa a gefe.

"Kai kuwa kana kula da haƙoranka. Bututu guda a wuni ɗaya."

Mai fili ya yi murmushin da bai kai ido ba.

Sufeto ya ɗaga murya. "Likita, shigo don Allah. Ga mara lafiya na samo miki, kada ki ce mun ɓata miki wuni a banza. Duba mini hannunsa na dama."

"Babu abin da ya sami hannuna."

"To kwance maɓallin."

Bai kwance ba. Likita ta matso, ta kama yatsunsa ta ɗaga hannun. Ya yi ƙara kamar an taka shi. Ta ɓalle maɓallin ta ja rigar a hankali. Daga wuyan hannu zuwa kusa da gwiwar hannu fata ta yi ja jawur, ta kumbura ƙulu-ƙulu da ruwa, an shafe ta da farin man goge baki, rigar har ta fara mannewa.

"Wa ya ce maka ana shafa wannan a ƙuna?" in ji ta da faɗa. "Babba da kai! Ruwan sanyi ake..." Sai ta tsaya. Ta saki hannun.

"Shayi ne ya zube mini."

"Shayi ba ya hawa sama," in ji Sufeto. "Buɗe firij."

A ƙasan firij, bayan robobin ruwa, akwai abu a naɗe cikin tawul. Mai wayarin ya warware. Akwatin ne, tsaf, samansa da alamar gam mai kusurwa huɗu inda takardar ta tashi. Ya kai shi motar Likita ya ɗaura, ya sa soket. Baba direba ya murɗa makulli sau ɗaya, mota ta tashi.

Kowa ya taru a ƙofar ofis. Likita ta ce, "Ta yaya ka gane shi ne?"

Sufeto ya koma kan benci ya miƙe ƙafa.

"Ni ban gane shi ba. Na dai gane waɗanda ba su ba ne. Wanda ya yi aikin nan ya san darajar akwatin, ya san inda yake, amma bai san aikin hannu ba. Mai injin ba zai sa wa abin cin abincinsa sabulu ba. Surukinsa an yi masa wa'azin ruwan batir har ya haddace. Mai wayarin yana da abin da zai ɗaga takardar a minti ɗaya, me zai kai shi jiran tanki ya tafasa? Kuma da ya ga farar jarka zai san mene ne a ciki, irinta ce a rumfarsa. Baba yana kwance a asibiti. Saura wa? Wanda ya shekara uku yana kallon injin nan daga taga, yana ganin ana cire sitika da shi, bai taɓa tambayar me ake zuba masa ba."

Ya nuna Mai fili da haɓa.

"Ya sami tanki a bushe. A wurinsa ruwa ruwa ne, ya ɗebo na bokitin da ya fi kusa. Ya zuba kaɗan don ya yi saurin zafi, ya ƙare masa takarda ba ta gama ɗagowa ba. Lokaci na tafiya, murfi ya ƙi buɗuwa, ya sa filaya. Da ya ƙone, ya daure ya ƙara ruwa ya gama, ya juye ragowar bokitin a kafet. Sannan ya zo yana ta gaggawar a ba ki injin a kori mai shi yau-yau. Da kin tafi da shi, wa zai kunna ya ga kumfa?"

Mai fili ya sunkuyar da kai. "Mai saye na samo wa tawa. Ya ce in ta tashi gobe zai ɗauka."

"Sai ka ga gara ka ta da mota ka kwantar da mutum."

Shida saura minti biyar motar ofishin 'yan sanda ta iso, aka sa Mai fili a baya, Likita ta ce a biya da shi asibiti tukuna a wanke ƙunar. Ta tsaya a gaban Mai Tururi tana juya makulli a hannu.

"To... an yi kuskure. Ka yi haƙuri."

"Ba komai, ranki ya daɗe."

Ta shiga mota suka tafi. Mai Tururi ya zauna a kan jarka ya zaro wayarsa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya miƙa wa Sufeto. Saƙo uku. Duk masu motocin da za su kawo aiki a makon ne. Ɗaya ya ce ya fasa, ɗaya ya ce ya yi tafiya, na ukun bai ɓoye ba, ya ce ya ji tururi yana kashe mota.

"Awa uku kacal," in ji Mai Tururi. "Yallaɓai, ka wanke ni a nan, amma can waje wa zai wanke ni?"

"Injin zai tashi?"

"In na ɗauraye shi sau biyar ko shida, wataƙila."

Sufeto ya murza gwiwa. Ya san gari. Labarin ɓarna da gudu yake fita, na gyara kuwa sai an ɗauke shi a ka.

"Gobe ƙarfe tara ka zo ofishinmu da shi. Za ka wanke motar can a bakin titi, ƙofofi a buɗe, inda duk mai wucewa zai gani. In ka gama ni da kaina zan murɗa makulli a gaban jama'a. Wanda ya ga 'yan sanda sun ba ka motarsu, zai kawo tasa."

Direban ofis yana jiran Sufeto, injin a kunne. Mai Tururi ya tashi ya je ya leƙa ta taga. Ya dubi kujerun, ya dubi ƙasa, ya dubi rufin. Warin ya sa ya ja baya taku biyu.

"Yallaɓai, yaushe rabon da a wanke ta?"

"Ni dai shekarata tara a ofishin."

"Yaya," in ji Mai Tururi ba tare da ya juya ba, "gobe ka zo mini da jarka uku."

"Huɗu," in ji Sufeto, yana jan ƙafarsa ya hau. "Ba ka ga baya ba."